Iri a Cikin Toka

Tun ranar da aka kai Inna makwancinta bakina ya mutu. Ba magana na daina ba, a'a, magana kam ina yi, har da masifa in ta kama. Ɗanɗano ne ya ɗauke mini. In lasa gishiri in ji kamar yashi, in tauna attaruhu idona ya kawo ruwa amma harshen ko gezau. Mijina Munir, wanda yake aiki a gidan ruwa a nan Tiga, ya kai ni asibiti har sau biyu, aka dudduba aka ce lafiyata ƙalau. To ni dama ban ce ba ni da lafiya ba. Kullum ina ɗora tukunya ina saukewa, yara su ci su ƙoshi, ni ma in cusa nawa in kora da ruwa.

Kuka ma ban yi ba. A wajen zaman makoki mata sai nuna ni suke yi suna cewa, kai, Luba akwai tawakkali. Wallahi ba tawakkali ba ne. Ina zaune ne kawai kamar turmin da aka jingine. Ƙanwata Barakatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, ni kuwa abin da yake raina shi ne wa ya ɗauki babban murfin tukunya bai dawo da shi ba.

Kafin in kai ga abin da na yi, sai na fara gaya muku zancen kabewar.

Inna 'yar Falgore ce, daga can Baba ya auro ta ya kawo ta Ba'awa. A cikin kayan da ta zo da su akwai wata 'yar gora mai toshin totuwa, cike da toka, a cikin tokar kuma irin kabewa ne da tsohuwarta ta ba ta. Kabewa ce ba irin ta kasuwa ba. Bayanta toka-toka da ɗigo-ɗigo, cikinta ja kamar manja, ga gari, ba ta tsatstsafo da ruwa a miya. Duk damina Inna takan shuka ta a gindin dangar bayan ɗakinta, ta yaɗu ta haye danga ta haye rumbu. Inna ba marowaciya ba ce, kowa ya shaida, unguwa guda takan ci kabewar nan. Amma ba ta taɓa ba wa mutum ita ɗungurungum ba. Sai ta fasa, ta kankare 'ya'yan tas da cokali, sannan ta aika maka da ɓari. Har aminiyarta Gwaggo Hasiya, wadda suka tashi tare a Falgore, ta roƙe ta iri ya fi a ƙirga, Inna sai ta yi dariya ta ce, ki zo ki ci a nan.

Na taɓa tambayar Baba dalili. Ya ce, “Duk abin da ta zo da shi daga gidansu ya ƙare. Kwanuka sun fashe, gado ya karye, saniyar ma ta tsufa an yanka. Wannan ne kaɗai bai ƙare ba.”

Daminar bara Inna ta shuka, ruwa ya ɗauke kwana ashirin, shukar ta ƙone. Ta zazzage sauran irin da yake gorar ta sake shukawa, wannan karon ya kama. Sai ciwo ya kwantar da ita, muka kwashe ta zuwa asibiti a Kano, gida ya zama ba kowa sai Baba da yake zuwa yana komawa. Awakin maƙwabta suka fasa danga suka yi wa yaɗon kaca-kaca. Kabewa ɗaya tak ta tsira, ita ma don ta ɓuya a ƙarƙashin rumbu.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya irin tasu. “Ke” ce sunana a bakinta. Ranar da za ta rasu, da hantsi, ta buɗe ido ta dube ni sosai, ta motsa baki. Na sunkuya na kai kunnena. Shekara talatin da takwas ina jiran matar nan ta gaya mini wata magana tawa ni kaɗai, na ce yau ce ranar.

Ta ce, “Ke, an sa wa kabewar nan tsingaro a ƙasa?”

Na ce an sa, alhali ban sani ba.

Ta ce, “Kada danshi ya ruɓar da ita. Irin ke nan, babu wani.”

Shi ke nan. Ta koma barci, kafin la'asar ta cika. Na zauna ina kallon ƙafarta da ta leƙo daga zani, na ce a raina, kabewa. Ban ji haushi ba a lokacin, ban ji komai ba. Na ja zanin na rufe ƙafar na fita neman mota.

Wata uku bayan haka, kaka ta yi, an cire gyaɗa, an fara bugun shinkafa. Wata safiya Baba ya kira ni a waya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

“Uwata, kabewa ta ƙosa. Hancinta ya bushe.”

“To, Baba.”

“Na aika wa Hasiya. Ranar Asabar.”

Bai ce in zo in yi girki ba, ni ma ban tambaya ba. Duk shekara, in kabewar fari ta ƙosa, Inna takan yi tuwon sabuwar shinkafa da miyar taushe ta tara mutane, dangi da maƙwabta da ƙawayenta. Taushen Inna ake ce masa, har a Kiru akwai waɗanda suka san da shi. Kuma duk shekara in Baba ya kai lomar farko sai ya ɗaga murya daga zaure ya ce, “Bana ma gishiri ya yi araha ke nan!” Inna ta amsa daga madafi, “In ya yi maka yawa ka turo kwanon.” Bai taɓa turowa ba. Hannunta da nauyi a gishiri, gaskiya ce, amma haka muka tashi muka sani.

Ranar Juma'a da yamma na isa Ba'awa, Barakatu ta riga ni. Na leƙa ƙarƙashin rumbu na ga kabewar zaune a kan tsingaro, an ma kewaye ta da ƙaya. Ashe Baba ya sa tun kafin a ce. Ban ce masa sannu ba. Na shiga ɗakin Inna na ajiye jakata, na ga gorar irin a rataye a ƙusarta, wayam.

Da sassafe muka hura wuta. Barakatu ta ɗauki tuwo, ni na ɗauki miya, kamar yadda Inna ta saba raba mu. Na ɗora ƙashi da tantaƙwashi da albasa da daddawa suna dahuwa. Na tsinke alayyafo da yakuwa na yanka. Na jajjaga tattasai da attaruhu. Aiki dai yana tafiya, ba sai na yi tunani ba, hannun ya san hanyarsa. Da aka zo fasa kabewa Barakatu ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kaina. Na kafa wuƙa na danna, ta tsage gida biyu, ga jan nan nata. Barakatu ta ce wayyo Inna, ta toshe baki da gefen zani ta shige ɗaki. Ni na ɗauki cokali na kankare 'ya'yan cikin kwano, na wanke su na tsane a matsami, na ajiye a gefen murhu da niyyar in na sami sarari in baza su a faifai a inuwa. Na sani sarai. Na san me aka ce mini a asibiti, ban manta ba.

Wajen hantsi Gwaggo Hasiya ta iso, ta sha mota tun daga Falgore, da ɗan kwanon man shanunta ƙulle a tsumma. Tsohuwa ce doguwa, haƙoranta na gaba biyu ne suka rage, amma bakin bai rage komai ba. Na durƙusa na gaishe ta.

“Gwaggo, sannu da hanya. Ya muka ji da haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki, 'yar nan. Tashi, tashi, miyarki za ta kama. Ke kuma haka kika koma? Mijin naki ba ya ba ki abinci ne, ko ruwan dam kawai yake ɗura miki?”

Mata suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ta shimfiɗa mayafinta a inuwar ɗakin Inna, daidai inda takan zauna duk shekara, ta bar wuri a gefenta kamar wani zai zo ya zauna.

Na zuba kabewa a romon, na rufe. Na ɗora kasko a ɗaya murhun na soya sabuwar gyaɗa, na juye a faifai na murje na fece, na ba wata maƙwabciya ta daka mini. Gida ya fara cika, ana ta sallama, wannan ta ce ina wuƙa, waccan ta ce ina za a sa itace. Kaskon yana kan wuta, fanko, yana hayaƙi.

A gidana a Tiga, duk ranar da na yi taushe da kabewar kasuwa, in na sauke gyaɗa sai in juye 'ya'yan kabewar a kaskon tun da zafinsa, in yayyafa ruwan gishiri, in soya wa yara su ɓantara. Shekara goma sha biyar ina yin haka. To, abin da hannuna ya yi ke nan. Ban yanke shawara ba, ban ma lura ba. Ina amsa gaisuwar wata mata da take ba ni labarin ciwon ƙafarta, hannu ya ɗauki matsami ya juye, ya ɗebo gishiri ya watsa, ya juya har suka yi ƙamshi suka fara tsalle. Na juye a faranti na miƙa wa yaran da suke wasa a tsakar gida, na koma na farfasa kabewa da ludayi.

Na zuba gyaɗa, na zuba ganye, miya ta yi kauri ta kama jikinta. Na kira Barakatu na ce ta zo ta sa gishiri, ni bakina ba ya ji. Ta sa kaɗan ta ɗanɗana, ta ƙara kaɗan ta ɗanɗana, ta ce ya yi. Aka kwashe tuwo, aka zuba miya, aka ɗiga man shanun Gwaggo a kai. Aka kai na maza zaure.

Tsakar gida ta yi tsit, kowa ya san me ake jira, ko da yake ba wanda ya faɗa. Muka ji ƙarar kwano, muka ji bismilla. Can Baba ya ce, ba da ƙarfi ba, “Ya yi daidai. Allah ya yi albarka.” Mata suka sunkuyar da kai suka ci gaba da ci. Aka yi ta santi, wai kamar Inna ce ta tashi ta dafa. Na ci loma uku, kamar ina tauna auduga.

Ina tattara kwanuka Gwaggo Hasiya ta yafito ni. Farantin nan ne a cinyarta, ta ƙwace daga hannun yara, tana ta fama da ƙwaya ɗaya a dasashi.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Shekara arba'in ina cin kabewar uwarki, ban taɓa sanin ɗanɗanon 'ya'yanta ba sai yau. Da tana nan da ta tsinke miki kunne.” Ta tofar da ɓawo. “Kin dai ware na iri ko?”

Na dubi farantin. Na dubi gefen murhu inda matsamin yake a kife. Na dubi faifan da na ce zan baza su a kai, yana jingine da bango, ɓawon gyaɗa ne kawai a jikinsa. Kun san yadda ƙafa take yi in an daɗe a zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani? Haka jikina duka ya yi. Ba faɗuwar gaba, ba gumi. Na ji wata murya ta ce, “Na ware, Gwaggo,” ashe tawa ce.

“Yawwa. To bana dai ko uku a sammini, mai hanawar ta tafi.”

“Sai sun bushe.”

Na karɓi farantin daga hannunta na ce zan wanke. Na zagaya bayan ɗaki na tsaya a gindin danga. Goma sha tara suka rage, sun yi ruwan ƙasa, gishiri ya yi fari a jikinsu. Na koma na tona sharar da na zubar da cikin kabewar, kaji sun riga ni, sun tsattsage ta tas. Na duba kwanon wanki, na duba matsami, na duba bakin wuƙa, ko ɗaya. Na ƙulle goma sha taran a bakin zanina na koma na ci gaba da wanke-wanke.

Bayan la'asar, da baƙi suka watse, Baba ya shigo cikin gida. Gorar Inna ce a hannunsa na dama, a na hagu kuma ƙwarya da toka, ya tankaɗe ta da kansa, laushi kamar garin tuwo. Tsoho mai shekara saba'in, ban san a ina ya samo rariya ba. Ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube.

“Uwata, ina aka baza su?”

Da a ce ina jin wani abu a ranar, ko tsoro ne, da na faɗi a gabansa na gaya masa. Amma ba na jin komai, ƙarya kuwa ba ta yi mini nauyi ba ko kaɗan. Na ce, “Suna ɗaki, Baba, saboda kaji. Kawo, in sun sha iska jibi zan zuba da kaina.”

Ya miƙo mini gorar da ƙwaryar. Ya ce, “A juya su da safe.”

Ranar Litinin na kwance bakin zanina na zuba su a toka na cuɗa. Toka ta rufe launin, ta rufe gishirin, in ka gan su sai ka rantse iri ne. Na ɗura a gora na toshe da totuwa na kai masa zaure. Ya jijjiga a kunnensa.

“Ba su da yawa.”

“Masu kyan na zaɓa.”

Ya gyaɗa kai. Na yi masa sallama na hau mota na koma Tiga.

Daga nan ban sake taka Ba'awa ba. Tsakaninmu ba wata tafiya ba ce, in ka fita da hantsi kafin azahar ka isa, amma kullum da dalilina. Yara suna jarrabawa, Munir yana aikin kwana, ƙafata tana ciwo. Azumi ya zo ya wuce, na aika da sukari da gero ban je ba. Da salla na ce zazzaɓi nake yi. In Baba ya kira sai in bar wayar ta yi ta kuka a kan firji har ta gaji, in ya so da yamma in sa Munir ya kira shi ya ce muna gaisuwa. Barakatu ta zo har gida ta zazzage ni, ta ce Luba ke wace irin mutum ce, uwa ta mutu ba ki yi hawaye ba, uba yana raye kin yar da shi. Na ce ta gama? Ta ce ta gama. Na zuba mata abinci.

Ba na tunanin gorar da rana. Sai dai duk sanda na wuce masu kabewa a kasuwa nakan sauya layi, taushe kuwa ban sake yi ba, har yara suka gaji da tambaya.

Wata bakwai ana haka, sai ruwan shuka ya sauka, irin mai yawan nan da ake tashi a tarar da ƙasa ta yi taushi har zira'i. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara, na ga Baba ne. Ban san me ya sa ba, na ɗauka.

“Uwata, an tashi lafiya? Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara, Baba.”

“To, na shuka. A gindin dangar, inda take sawa. Rami shida, uku-uku.”

Na ce, “Allah ya fito da su.”

Kabewa kwana biyar take yi ta tsiro, in ta daɗe bakwai. Ranar kwana na huɗu ya kira ya ce bai ga komai ba tukuna, amma da sauran lokaci. Na biyar ya kira. Na bakwai ya ce wataƙila ya zurfafa ramin ne, hannunsa ba irin nata ba ne. Kullum da hantsi, in ya dawo daga dubawa, sai waya ta yi ƙara, ni kuma kullum sai in ɗauka, kamar wadda aka ɗaure da igiya ana ja.

“Ba su fito ba, Uwata.”

“Allah ya fito da su, Baba.”

Na tara ya ce ya ƙara ƙaya saboda kaji. Na goma sha ɗaya ya ce ruwa ya ɗan ɗauke, ya ɗebo a rijiya ya zuba musu da buta. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado ina kallon bango. Na ga tsohon nan da buta, yana ɗingisa ƙafa daga rijiya zuwa danga, yana ba soyayyen abu ruwa. Har yanzu ba zan ce na ji zafi ba. Abin da na ji shi ne ba zan iya sake cewa Allah ya fito da su ba, bakina ba zai buɗe ba.

Ranar kwana goma sha uku ban jira wayar ba. Na sallami yara makaranta na ɗauki mayafi na fita. Gonaki duk sun yi kore a hanya, masara ta fara kunne, mutane sun duƙufa. Na isa Ba'awa rana ta ɗaga. Zaure ba kowa, tsakar gida ba kowa, murhun Inna ciyawa ta fito a cikinsa. Na zagaya bayan ɗaki.

Yana tsugune a gindin danga, ya ba ni baya, butar tana gefensa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga ramukan nan shida a jere, kowanne da kewayen ƙaya, ƙasar ta yi laushi saboda ban ruwa, ba ko tsiro ɗaya sai ciyawar da yake tsincewa da yatsa.

Na yi sallama na durƙusa. Ya juyo ya dube ni, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na san in na tsaya ba zan faɗa ba.

“Baba, ba za su fito ba.”

Ya mai da ido kan ramukan. Na ci gaba.

“Soyayyu ne. Ni na soya su ranar taushe, da gishiri, na ba yara. Ban san sanda na yi ba. Abin da ya rage na zuba a toka na kawo maka. Babu iri, Baba. Kabewar Inna ta ƙare, ni na ƙarar da ita.”

Na faɗa tiryan-tiryan kamar mai karanta wasiƙar wani. Na jira ya yi salati, ko ya tashi ya bar ni a wurin. Sai ya ci gaba da tsince ciyawa.

“Na sani,” ya ce.

“Ka sani?”

“Tun ranar da kika tafi. Shekara hamsin ina ajiye iri, ban taɓa ratayewa ban ciji ɗaya na gani ba. Motarku ba ta kai bakin titi ba na buɗe gorar.”

Na ce, “To don me ka shuka? Don me kake ta ɗiban ruwa da wannan ƙafar?”

Ya karkaɗe hannunsa a gwiwa. “Wata bakwai ina kira ba kya ɗauka. Na rasa uwarki, na rasa kabewarta, sai kuma in zauna in rasa ki a kan 'ya'yan kabewa? Na ce bari in shuka.” Ya nuna ramukan da haɓa. “Ba su nake jira su fito ba, Uwata.”

Ya sa hannu a aljihun gaba ya lalubo wani abu ya miƙo mini a tafin hannu. Ƙwaya ɗaya ce, rabinta a gutsure, har yanzu da toka a jikinta. Goma sha takwas ya shuka, wannan ita ce wadda ya ciza.

“Ranar nan da na ci miya na ce ya yi daidai, raina bai so ba,” ya ce. “Ba miyar gidan nan ba ce. Sai da na ciji wannan na ce yawwa, ga ta nan. Bana ma gishiri ya yi araha.”

Na karɓa na goge a mayafi na sa a baki, don ban san me zan yi da ita ba. Ta yi taushi, ta tsufa, tana warin gora. Na tauna. Da farko toka ce kawai, sai kuma wani abu ya tsaga gefen harshena ya hau har cikin kunne, yawu ya cika mini baki. Gishiri ne. Ya yi yawa kuwa, ya yi yawa sosai, duk wanda ya watsa shi bai ɗanɗana ba.

Na ce, “Baba, ya yi yawa.”

Ya ce, “In ya yi miki yawa ki turo.”

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, a kan ramin farko, ƙaya tana sukata ban damu ba. Na kira Inna da ƙarfi, ni da ban kira ta ba tun asibiti, na yi ta kira kamar tana bayan danga. Baba bai ce in yi haƙuri ba. Ya janye ƙayar daga gefena, ya turo mini butar, ya zauna shi ma.